Mangwarona a Gidan Akawu

Ba zan rantse cewa duk abin da zan faɗa a nan haka ya faru daidai ba. Shekaru sun ja, kuma na lura ƙwaƙwalwar tsoho takan yi wa mai ita kara: ta rage inda ya ji kunya, ta ƙara gishiri inda yake ganin an ƙware shi. Abin da nake da tabbaci a kansa bai fi uku ba. An yi gidan, an yi itacen, kuma littafin da na rubuta shirina a ciki yana nan a akwatina, gara ta ɗan taɓa gefensa. Sauran kuwa gwargwadon abin da na iya tunawa ne.

Saura shekara guda ƙasar nan ta samu mulkin kai na dawo Kano daga jami'a, can kudu, da takardar digiri naɗe a cikin kwali. A lokacin masu digiri a cikinmu ba su da yawa, ba zan faɗi adadi ba don kada in yi ƙarya. Aka ɗauke ni aiki a wani ofishin gwamnati, a ƙarƙashin wani Bature dogo mai ƙarancin magana. Kowa ya san yana shirin komawa ƙasarsu, kowa kuma ya san ɗan ƙasa za a ɗora a kujerarsa. Kujerar nan da gida take tafiya, wato gidan da yake zaune a ciki a Nasarawa, unguwar Turawa.

Ni a Tudun Wada nake, ɗaki guda a gidan haya. Akwai hanyar da ta fi kusa zuwa ofis, amma kullum da safe sai in karkata kan kekena in bi ta Nasarawa. Farin gida ne mai baranda ta zagaye shi, ga shinge an aske shi daidai, ga tsakuwa a hanyar shiga wadda ke ƙara idan mota ta taka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shirun wurin. A gidanmu na haya kana jin dakan maƙwabta da tarin maƙwabcin maƙwabta. A nan ba ka jin komai sai tsuntsaye da almakashin mai lambu.

A watan da na fara aiki na sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, na sa rula na ja layuka, na tsara shekara goma masu zuwa. Shekarar farko: kujerar Bature da gidan Nasarawa. Ta biyu aure. Ta uku mota. Ta huɗu in kai mahaifiyata Makka. Haka har goma, kowane layi na rufe shi da in Allah ya yarda. A gefe na ware wani gurbi na abin da zai iya hanawa, kuma nan ne na fi cikawa: rashin lafiya, canjin wurin aiki, Bature ya fasa tafiya, a kawo wani daga Kaduna. Na yi zaton ban bar wata ƙofa a buɗe ba.

A ofis ɗin akwai wani ɗan ajinmu na makarantar midil. Shi bai ci gaba da karatu ba, ya shiga aikin akawu tun muna yara, ya yi ta hawa a hankali. A aji ni nake yi masa lissafi, shi kuma yana ba aji dariya. Ina kiransa Akawu, shi yana kirana Digiri, kuma yadda yake jan kalmar ba ka sanin yabo ne ko tsiya. Wata rana da tsakar rana ya same ni na duƙufa a kan littafin, kafin in rufe ya fizge.

"Digiri, me ake ɓoyewa? Wasiƙar budurwa ce?"

"Ba ni littafina, Akawu."

"Tsaya mana. La'ilaha! Har ka san shekarar da za a haifa maka ɗa? Ita matar an sanar da ita kuwa, ko ita ma ba a haife ta ba tukuna?"

"Shiri ne kawai. Ban ce dole haka za a yi ba."

"To ina ranar mutuwa? Ko ita sai a littafi na biyu?"

Na karɓe abina, masinjoji suna dariya. Shafi nawa ya gani, ban sani ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Wata Asabar Bature ya aike ni gidansa da wasu fayiloli. Ina jira a bayan gida sai muka gaisa da mai lambunsa, wani dattijo daga ƙauyukan Katsina, wanda ya yi wa Turawa uku aiki a gidan nan, kowanne ya tafi ya bar shi. Hira ta kai mu ga itatuwa. Ya ce mangwaro mai aure, irin wanda ake haɗa reshen mai zaƙi da gindin na gida, shekara huɗu zuwa biyar yake yi ya fara 'ya'ya, amma sai an dasa shi a farkon damina. In damina ta wuce, sai baɗi.

Na koma ɗaki na buɗe littafi. A layin shekara ta biyar na riga na rubuta cewa zan zauna a inuwar gidana da ɗana na fari. Na ƙara a ƙasa: mu sha mangwaron da na dasa da hannuna. Sai na yi lissafi. Bature ba zai tashi ba sai bayan damina. In na jira a ba ni gidan, na rasa ruwan bana, layin shekara ta biyar ya koma ta shida, ya ture na shida. Kwana uku abin yana cina. Ni da ba na tsallaka titi sai na duba sau biyu, ranar Asabar ta gaba na ɗauro dashen mangwaro a bayan keke na shiga ta ƙofar baya.

Mai lambu ya dubi dashen, ya dube ni.

"Malam, an ba ka gidan ne?"

"Tukuna dai, Baba. Amma ana ganin kamar, wato, akwai alama."

"To. Riga malam masallaci ke nan."

"Bature zai gani?"

"Shi da bayan gida? Shekararsa shida a nan bai san inda ake shanya ba."

Ya haƙa rami kusa da famfon baya, inda ruwan wanke-wanken kuku yake gangarowa. Ni na sa dashen da hannuna, na danna ƙasa. Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Ya ce bakinsa da na itacen ɗaya.

Wajen ƙarshen damina Bature ya kira ni ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa. Da Turanci muka yi maganar, amma ma'anarta ke nan. Ya ce an nemi ya ba da sunan wanda zai gaje shi, kuma ni ya fara tunawa. Ya tambaye ni ko ina ganin zan iya riƙe ofis ɗin.

A nan sai na yi bayanin gidan da na tashi. A gidanmu, in ka shiga wuri ana cin abinci aka ce bisimilla, cewa kake alhamdulillahi, a ƙoshe nake, ko da cikinka na kuka. Mai gida ya sake tayi, ka sake nuna alkunya. Sai a na uku kake wanke hannu. Na ga mahaifina an zo ba shi limancin masallacin unguwa, ya ce akwai manya, shi bai isa ba. Aka koma aka dawo, aka koma aka dawo, sannan ya karɓa, kuma don ya ƙi da farko ne mutane suka ƙara ganin girmansa. Wanda ya miƙa hannu a tayin farko, a wurinmu, makwaɗaici ne. Na yi digiri a harshen Bature, na karanta littattafansa, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko shi ma haka yake tayi ba.

Na sunkuyar da kai na ce, ranka ya daɗe, ni yaro ne, watannina kaɗan da fara aiki, akwai waɗanda suka fi ni daɗewa da sanin kan ofis. Ban ce ba zan iya ba, amma ban isa in ce zan iya ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce ya ji daɗin gaskiyata, ba kowane saurayi ne yake sanin iyakarsa ba. Ya rubuta wani abu gajere a takarda, ya yi min godiya.

Na fito ina murna, wallahi. Na ga na yi abin da ɗan mutunci zai yi. Har na shirya amsar kira na biyu, wadda za ta fara da to, in dai babu yadda za a yi. Na shirya ta uku ma. Duk lokacin da masinja ya nufo teburina sai in gyara zama. Mako ya wuce. Na biyu ya wuce. A na uku aka liƙa takarda a allon sanarwa, sunan Akawu a kai.

Ya zo da kansa ya zauna a gefen teburina, yana karkaɗa ƙafa.

"Digiri, wai da gaske kai aka fara tambaya?"

"An ɗan yi maganar."

"Ka ce me?"

Na faɗa masa. Ya riƙe baki.

"Kai, kai, kai. Tayin tuwo ka ɗauka? Shekarata goma sha wani abu ina yi wa mutanen nan aiki, ban taɓa ganin Bature ya yi tayi sau biyu ba. Ko shayi ne, in ka ce a'a, ya sha abinsa kana kallo."

"Kai da ya tambaye ka fa?"

"Na ce tun jiya."

Ina so in yi adalci. Mai yiwuwa akwai wasu dalilai da ban sani ba. Akawu ya san aikin nan ciki da waje, ya san kowane fayil da inda ya kwana, kuma ya riƙe ofis ɗin yadda ya kamata. Ban ce bai cancanta ba. Abin da nake cewa shi ne, a ranar da motar kaya ta shiga da gadonsa da tukwanen matarsa tana taka tsakuwar nan, ina tsaye da kekena a tsallaken titi a bayan wata darbejiya, kuma abin da na ji a ƙirjina ba addu'ar alheri ba ce.

Shekarun da suka biyo baya ba su zo min da sharri ba. An yi bikin mulkin kai. Na yi aure a shekara ta biyu kamar yadda na rubuta. Aka ɗaga ni a wani sashe, na samu mota, ko da yake ta makara da shekara guda. Mahaifiyata ta sauke farali. Na koma gida mai ɗaki uku, a Tudun Wada dai. Duk wanda ya dube ni zai ce Allah ya rufa asiri, kuma ya rufa. Amma layin farko na littafin yana nan babu alama a gabansa, kuma duk sauran layukan a idona kamar gini ne a filin aro.

Akawu kuwa bai canza min ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Kusan kowace Lahadi sai ya ce in zo mu ci abincin rana. Ina zuwa. In zauna a barandar da na auna da ido tun kafin ya san za ta zama tasa, in ga ya jefar da hularsa a kan kujera, 'ya'yansa suna ja wa shingen ganye, matarsa ta shanya barkono a inda na yi niyyar sa tebur na karatu. Bai ma san abin da yake da shi ba. Ya taɓa ce min gidan ya yi masa shiru da yawa, yana kewar hayaniyar cikin gari. Na yi dariya tare da shi, na koma gida ban iya cin tuwo ba.

In lokacin azahar ya yi sai in ce bari in yi alwala a famfon baya, ko da an kawo min buta. Nan nake ganin itacen. Shekarar farko ya kai gwiwata. Ta biyu ya wuce ƙuguna.

"Ɗanka ya kusa kama kafaɗarka, Malam," in ji mai lambu, a hankali, yana kallon wani wuri.

Ban taɓa ganin mangwaro mai saurin girma irinsa ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, to ni na dasa shi, ni kuma na yi ta zuba masa taki kowace Lahadi.

A bazarar shekara ta biyar direban Akawu ya tsaya a ƙofar gidana da kwando. Ya ce maigida ya ce a kawo, 'ya'yan fari ne na itacen bayan gida. Matata ta yanka ɗaya, ta ba ɗanmu, ta ce ba ta taɓa shan mai zaƙinsa ba, ko zare babu. Na ce ba na jin sha. Da ta shiga maƙwabta na ɗauki ɗaya na tsaya a bayan ɗaki na shanye shi a tsaye kamar ɓarawo. Na so a ce da tsami. Babu.

Sai na buɗe littafi a shekara ta biyar. Mu sha mangwaron da na dasa da hannuna. To, mun sha, ni da ɗana, kuma ni na dasa. Amma ba a inuwar gidana ba, kuma kyauta aka aiko min. In sa alamar an cika, ko kada in sa? Kwana biyu ina jujjuya abin. A ƙarshe na sa rabin alama da fensir, yadda zan iya gogewa. Tana nan har yau.

Bayan kamar wata biyu, wata Lahadi mun gama cin abinci, Akawu ya ce in zo in ga wani abu a bayan gida. Na tarar an kafa turaku huɗu an ja igiya, itacen yana tsakiya. Mai lambu yana gefe da bokitin ban ruwa a hannu.

"Na ƙara mota, Digiri, garejin Bature ɗaya yake ɗauka. Magini ya ce nan ne daidai. Jibi mai gatari zai zo. Me ka gani?"

Na ce, to, ta wata fuskar wurin ya dace, tunda kusa yake da ƙofa, amma kuma in aka duba, wataƙila akwai masu ganin cewa inuwa ma tana da nata amfani, ko da yake ba ni ne zan ce ba.

"Digiri. A sare ko a bari? Sau ɗaya zan tambaya. Ni ma na koyi halin maigidanmu."

Na dubi mai lambu. Ya sunkuyar da kai, ruwa yana ɗiga daga bokitin a kan ƙafarsa bai kula ba. Na dubi itacen, ya fi ni tsawo nesa yanzu, sabon ganye ja-ja a samansa. Gidan ya riga ya tafi. Kujerar ta tafi. Daga duk abin da na ɗora a kan layin farko na littafina wannan kaɗai ya rage a raye, kuma jibi za a mai da shi itacen girki.

"Kada ka sare," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har matarsa ta leƙo ta tagar kicin. "Ni na dasa shi. Da hannuna. Tun Bature yana nan."

Sai Akawu ya dafa bango ya fara dariya, irin wadda take sa mutum ya duƙa.

"Baba, ka ji? Shekara biyar! Shekara biyar mutumin nan yana alwala a famfon wanke-wanke, ga buta a baranda!"

"Ranka ya daɗe, ni dai ban faɗa ba," in ji mai lambu. "Malam, Allah shi ne shaida, ban faɗa ba."

"Wa ya ce ka faɗa? A littafinsa na gani. Digiri, da ka ce kana son abu tun farko, da wa zai hana ka?"

Ya sa ƙafa ya ture turakun. Aka gina garejin a ɗaya gefen, a wani lungu da sai direba ya yi baya sau biyu kafin ya shiga.

Zan so in ce daga ranar zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba, ko in ce ba duka ba. Itacen ya tsira, asirina ne bai tsira ba. Duk baƙon da ya zo gidan sai Akawu ya ja shi baya ya ce, ga mangwaron Digiri, ni gadi kawai nake yi masa, a yi ta dariya, ni ma in yi. A da gidan nake yi wa ƙyashi. Daga baya sai na koma ƙyashin sauƙin da ya ture turakun nan da shi, kamar ba komai ba. Da ya ƙi, da na samu dalilin jin haushinsa, in huta. Bai ba ni wannan ba. Kwando kuwa bai fasa zuwa ba kowace bazara, kuma daga shekarar na riƙa sha a zaune, a gaban iyalina.

Ban taɓa zama a gidan ba. Da shekara goman ta cika ban sayi littafi na biyu ba. Akawu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ya yafe min abin da na riƙe masa a zuci yana ba ni abinci. Zuwana na ƙarshe ta layin na tarar an zagaye wurin da doguwar katanga. Na hango kan wani mangwaro ta sama, amma ba zan ce shi ne ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar littafin. Iyakar tunanina, ranar da Akawu ya fizge shi ban riga na haɗu da mai lambu ba, don haka layin mangwaro bai shiga ba tukuna. In haka ne, ba a littafi ya gani ba. Ko dai dattijon ya faɗa masa, ko shi ya gane da kansa, ko kuma bai san komai ba sai da na yi magana, ya ce ya sani don ya rage min kunya. Ban kuma sani ba ko da gaske an kira mai gatari, ko turakun nan don ni kaɗai aka kafa su. Mai yiwuwa ni ne na rikita wanne ya riga wanne. In akwai wanda ya yi aiki a ofis ɗin nan a wancan zamani, ko cikin 'ya'yan Akawu da suka yi wasa a gindin itacen, ko dangin mai lambu da suka ji labarin daga bakinsa, ina roƙo ya aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan. Ko gyaran bai yi min daɗi ba ina so. Wannan karon ba sai an yi min tayi sau biyu ba.